Na Nemi Bagaruwa a Rumbunan Intanet, Aka Ce Babu Ita

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in bayyana wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wanda kuma na tabbata ba ni kaɗai yake damu ba. Ni malamin kimiyyar halittu ne a wata makarantar sakandare a nan Jos, kuma shekaru da dama ke nan ina tura ɗalibai su nemo bayanin tsirrai da dabbobi a manyan rumbunan bayanai na intanet, waɗanda masana suka gina domin tattara sanin duk wani mai rai da aka taɓa gani aka rubuta. Rumbunan nan alheri ne babba, kuma kyauta ne ga kowa. Akwai GBIF, wanda aka kafa a 2001 kuma hedikwatarsa take a Kopenhagen ta ƙasar Danmak, mai ɗauke da bayanai sama da biliyan biyu na inda aka ga wata halitta da ranar da aka gan ta. Akwai na lambun tsirrai na Kew da ke Landan, akwai eBird na masu kallon tsuntsaye, akwai iNaturalist inda kowa ke iya ɗora hoton abin da ya gani. Sai dai duk yawan dukiyar da ke ciki, ƙofar shiga guda ce, wato ɗan gurbin nan da ake rubuta suna, kuma sau da yawa wannan ƙofa ba ta buɗe wa wanda ya zo mata da sunan Hausa.

A zangon karatun da ya wuce na ba 'yan aji biyu na babbar sakandare aiki, na ce kowa ya zaɓi bishiya ko amfanin gona guda da ya sani a gidansu, ya nemo sunansa na kimiyya da ƙasashen da ake samunsa. Wata yarinya da kakanta majemi ne ta zaɓi bagaruwa, har ta zo mini da 'ya'yanta ƙulle a gefen mayafi, waɗannan baƙaƙen kwanson masu gaɓa-gaɓa da ake dakawa a jiƙa domin jimar fata. Muka zauna a ofishin malamai da wayata, ta rubuta "bagaruwa" a wani rumbu da ba sai na kama sunansa ba, amsa ta fito cewa ba a sami komai ba. Na ɗauko tsohon littafin da na yi karatu da shi, muka ga an rubuta Acacia nilotica. Da ta shigar da wannan, sai shafin ya kai ta ga wani suna dabam, Vachellia nilotica, ba tare da ko layi ɗaya na bayani ba, ita kuwa ta ɗauka kuskure ta yi, ta goge ta sake rubutawa har sau uku. Muka koma wani rumbun, a can muka tarar da sunayen biyu kowanne da shafinsa da taswirarsa, kuma ɗigogin da ke kan wannan taswira ba su ne ke kan waccan ba. Ta ɗago kai ta dube ni ta ce, "Malam, ashe bagaruwar iri biyu ce?" Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin yarinyar ta san bishiyar fiye da na'urar, amma na'urar ta sa ta shakkar abin da ta sani.

Bagaruwa guda ce, kuma labarin yadda ta sami suna biyu ya cancanci masu karatu su ji shi. Tun da Carl Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin, ya daidaita tsarin suna biyu, na tsirrai daga 1753 na dabbobi daga 1758, kowace halitta tana da sunan dangi a gaba da sunan da ya keɓe nau'inta a baya. An daɗe ana tara itatuwan ƙaya na Afirka da na Ostareliya da na Amurka a dangi guda mai suna Acacia, har binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa ba tsatsonsu ɗaya ba, dole a raba su. Da aka zo rabo sai rigima ta tashi a kan wanda zai riƙe tsohon sunan. Bisa asali bagaruwarmu ce madogarar sunan, amma a babban taron masana tsirrai na duniya da aka yi a Viyana a 2005 aka yanke cewa sunan ya zauna wa itatuwan Ostareliya, waɗanda suka kusan nau'i dubu, aka kuma tabbatar da hukuncin a taron Melbon na 2011 duk da ƙorafin masanan Afirka da dama. Daga nan bagaruwa da farar ƙaya suka koma Vachellia, dakwara mai ba da ƙaro ta koma Senegalia senegal. Gawo kuwa, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani, tuni ya bar Acacia albida ya zama Faidherbia albida. Ba ina jayayya da masana a kan bincikensu ba ne, domin ilimi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya canza wa gida lamba ya kamata ya bar sanarwa a tsohuwar ƙofa, yadda baƙon da ya zo da tsohon kwatance zai san cewa gidan da yake nema ne ya iso.

Bagaruwa ba ita kaɗai ba ce, kusan duk abin da ɗalibaina suka zaɓa sai da muka ci karo da irin wannan. Kaɗanya tana cikin littattafanmu a matsayin Butyrospermum parkii, yau kuma Vitellaria paradoxa ce, saboda ƙa'idar da ta ce sunan da aka fara bugawa shi ke da rinjaye. Ɗorawa ta daɗe a takardun gandun daji na Nijeriya da sunan Parkia clappertoniana, don tunawa da Hugh Clapperton, Baturen da ya ziyarci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824 ya kuma rasu a ƙasar Sakkwato a 1827, amma yanzu an haɗe ta a ƙarƙashin Parkia biglobosa. Gero ya fi kowa shan wahala: Pennisetum typhoides, sai Pennisetum americanum, sai Pennisetum glaucum, sannan tun 2010 wasu rumbunan suka mayar da shi Cenchrus americanus, wato ya shiga dangi guda da ƙarangiya. Ɗalibin da yake son sanin abin da aka rubuta a kan gero cikin shekaru saba'in da suka shige dole ya yi bincike sau huɗu, kuma sai in ya san cewa sunayen huɗu ne tukuna.

Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne na wani yaro da mahaifiyarsa ke sayar da rizga da tumuku a kasuwar Farin Gada. Rizga, waɗannan siraran saiwoyi masu kama da yatsu da manoman tsaunukan Filato suka daɗe suna nomawa, an san ta da Plectranthus esculentus. Tumuku kuma ya zauna a Solenostemon rotundifolius, ya koma Plectranthus, sannan a 2019 aka mayar da su duka biyun cikin dangin Coleus. Da ƙyar muka kai ga shafin tumuku, kuma da muka kai, sai muka ga cewa sunan da Turawa suka ba shi ma'anarsa dankalin Hausawa. Sunan ƙabilarmu yana nan a rubuce a shafin, amma kalmar da mu Hausawan muke kiran abin da ita ba ta nan. Yaron ya yi shiru yana kallon wayar, ni ma na rasa abin da zan ce masa.

Bayan canjin suna akwai matsalar haruffa, wadda take da ƙanƙanta a ido amma take cinye lokaci da datar da mutum ya saya da guminsa. Magarya da kurna wasu tsofaffin littattafai suna rubuta danginsu Zizyphus, rumbunan yau suna son Ziziphus. Aduwa a nan Balanites aegyptiaca ce, a can aegyptiacus. Marke ya kasance Anogeissus leiocarpus, aka gyara shi leiocarpa, sannan aka ɗauke shi gaba ɗaya zuwa Terminalia. Wani gurbin binciken yana yafe kuskuren harafi ɗaya, wani ba ya yafewa, wani kuma yafiyarsa ta yi yawa har yakan kawo maka ƙwaron wata nahiya don kawai haruffansu sun yi kama. Idan ɗalibi ya kwafo suna tare da gajerun sunayen masanan da ake liƙawa a bayansa, kamar yadda ya gan shi a mujallar kimiyya, wani rumbun sai ya ce bai san shi ba, alhali da an cire wutsiyar da ya fito nan take. Akwai kuma sunan da tsiro da dabba suke tarayya a kansa, domin dokokin sanya wa tsirrai suna dabam suke da na dabbobi. Ficus shi ne dangin ɓaure da ceɗiya da durumi da gamji, amma Ficus ɗin kuma sunan wani dangin dodon koɗi ne na teku, saboda haka yaron da ke neman durumin ƙofar gidansu yana iya samun kansa a gaɓar tekun Indiya bai san abin da ya kai shi ba.

A 'yan wuraren da aka yi ƙoƙarin sa sunayen Hausa ma, haruffanmu masu lanƙwasa suna zama tarko. Wanda ya shigar da sunan ya rubuta "dorowa", mai nema ya rubuta "ɗorawa" yadda aka koya masa a makaranta, na'ura ta ɗauke su kalmomi biyu da ba su san juna ba. Tsofaffin littattafai kuma suna sa ɗigo a ƙarƙashin harafin ko alama a gefensa, kuma da aka kwafe su zuwa kwamfuta alamomin sun zube ko sun rikiɗe. Wannan gyara ne mai sauƙi ga masu tsara manhaja, tunda sun riga sun koya wa na'urorinsu cewa harafin Faransanci mai alama a ka da marar alama ɗaya ne wajen bincike. Babu dalilin da zai hana a yi wa ɓ da ɗ da ƙ irin wannan adalci.

Gaskiya kuma ta wajabta in faɗi cewa sunayen namu ba su da sauƙin shiga jadawali, kuma duk wanda zai yi wannan aiki da garaje zai ƙara dagula lamarin. Bishiyar da Bakano ke kira darbejiya, wani da sunan "dogon yaro" ya san ta, wani "maina", wani "bedi", alhali duk Azadirachta indica ce. Kalgo suna ne guda a bakinmu, amma ya haɗa nau'i biyu na Piliostigma. Kauci a wurin mai magani ba ya cika suna sai an faɗi bishiyar da ya hau, kaucin ɗorawa dabam kaucin kaɗanya dabam, su kuwa masana ta fure da ganye suke rarrabe shi. A ɗaya ɓangaren, manomi ya raba gero da maiwa da dauro saboda lokacin shukarsu da nunarsu da yadda ake dasa dauro, kimiyya kuwa ta ce nau'i ɗaya ne. Wannan bambanci ba jahilcin wani ɓangare ba ne. Kowanne ya raba duniya bisa abin da ya dame shi, kuma rumbun da ya dace shi ne wanda zai karɓi suna tare da garin da ake faɗinsa da hoton ko samfurin abin da ake nufi, ya kuma yarda cewa suna ɗaya na iya nuni ga abu biyu.

Wani zai ce wannan damuwar malaman makaranta ce kawai. Ina roƙon mai wannan tunani ya tuna da ungulu, wadda a da ba a raba ta da mahauta da bakin kasuwa, yau kuma yaran birni da yawa ba su taɓa ganinta ba. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, a ƙarƙashin sunan Necrosyrtes monachus. Mahaucin da ya lura da ɓacewarta kafin kowane masani, da ɗan jaridar da ke son rubuta labarin, ta yaya za su kai ga wannan bayani idan kalmar "ungulu" ba ta kai su ko'ina? Ya kuma tuna da kububuwa, macijin da ke hallaka manoma a ƙasashen Langtang da Shandam da Kaltungo. Rubuce-rubucen likitoci na shekarun 1970 sun kira ta Echis carinatus, daga baya aka san ta da Echis ocellatus, sannan a 2018 aka keɓe wani nau'i mai suna Echis romani wanda masana da dama ke ganin shi ne na yankinmu. Ma'aikacin lafiya ko ɗalibin jinya da ke neman abin da aka rubuta a kan dafinta, idan ya tsaya a suna ɗaya, ya bar ilimi mai yawa a baya, kuma wannan ilimi ne da rai ya rataya a kansa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ban rubuto domin in ɗora wa mutanen ƙetare laifi in koma gefe ba. Tsarin da rumbunan duniya suka amince da shi wajen musayar bayanai, mai suna Darwin Core, yana da gurbi na musamman na sunan gargajiya. Gurbin yana nan, mu ne ba mu cika shi ba. Kuma aikin ba daga tushe za a fara shi ba, domin tun 1916 J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa tare da sunayensu na kimiyya, abin da ya tattaro daga bakin manoma da makiyaya da masu magani. Masu tattara tsirrai na wancan zamani suna tambayar mutanen gari, shi ya sa ɗan'uwan accan nan da muke kira iburu ya shiga littattafan duniya a 1915 da sunan Digitaria iburua, kalmarmu ce aka yi wa kwalliyar Latin. Abin da ya rage mana shi ne mu ɗauki waɗancan tsofaffin jerin, mu daidaita sunayen kimiyyar da ke ciki da na yau, mu gyara rubutun Hausar bisa ƙa'ida, mu koma wurin dattawa mu tantance, sannan mu shigar da su inda duniya ke nema.

Jos ta fi kowane gari cancantar jan ragamar wannan aiki. Muna da Jami'ar Jos, muna da Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya, muna da cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Laminga a gefen dajin Amurum, wadda ta horar da masana daga ƙasashen Afirka ta Yamma da dama. A duwatsun nan namu ne aka gano wani ɗan ƙaramin tsuntsu mai jan baya da kimiyya ba ta san shi ba sai a 1998, aka sa masa Lagonosticta sanguinodorsalis. Garin da duniya ke zuwa ganin tsuntsayensa bai kamata ya rasa jerin sunayen tsuntsayen da harsunan mazaunansa ba, kuma ina nufin Hausa da Birom da Afizere da Anaguta da Angas da Fulfulde da sauransu, domin abin da ya sami Hausa ya sami waɗannan fiye da haka. Ina kira ga sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu su haɗa kai da sassan nazarin tsirrai da dabbobi, a riƙa ba ɗalibai aikin kammala digiri a kan wannan, mai harshe ya kula da rubutu da karin harshe, mai kimiyya ya kula da samfur. Matasan da ke rubutu a Wikipedia ta Hausa da Wikidata su ma suna da rawar takawa, tunda wuraren nan suna karɓar suna daga duk wanda ya yi rajista, sai dai ina roƙonsu kada su shigar da sunan da ba su tabbatar ba, domin kuskuren da ya shiga rumbu ɗaya yakan yaɗu zuwa goma kafin a farga.

Na san akwai masu tsoron cewa bayyana sunayen itatuwa tamkar miƙa wa kamfanonin ƙetare sirrin magungunanmu ne. Tsoron yana da tushe, shi ya sa ma ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Nagoya a 2010 kan raba amfanin albarkatun halittu da ilimin gargajiya. Amma suna dabam, sirrin haɗi dabam. Faɗin cewa sabara ita ce Guiera senegalensis bai tona asirin kowa ba, kuma rubuta sunan da harshenmu tare da garin da aka ji shi hujja ce a hannunmu ranar da wani zai zo ya ce shi ya fara sani.

Daga ƙarshe, ranka ya daɗe, ina da roƙo guda da ke cikin ikonka. Ka ware mana ɗan fili a jaridar nan sau ɗaya a mako, a buga hoton tsiro ko tsuntsu ko kifi guda, da ganyensa da furensa ko kamanninsa a fili, tare da sunansa na kimiyya na yau da tsofaffin da ya bari, a nemi masu karatu su aiko da abin da ake kiransa a garinsu. Abin da aka tara a shekara sai a miƙa wa masana su tantance su shigar a rumbunan. Ni da ɗalibaina mun riga mun fara cika wani littafi mai bangon kwali da sunayen da suka ji daga iyayensu da kakanninsu, kowanne da ganyen da aka matse aka busar a tsakanin tsofaffin jaridu, kuma a shirye muke mu aiko da hotunan makonnin farko, mu fara da bagaruwa.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
Malamin kimiyyar halittu,
Unguwar Rogo, Jos.